Karan da Kawu Ya Auna Ni da Shi

Tun ina yaro ba a san ni da zama wuri guda ba. Zamanin Turawa ne, anka kama ni anka sa ni elemantare a garin Isa, na yi aji uku na gudu. Ba duka ya kore ni ba, zaman benci ne ya ishe ni. Na koma gona wurin babana, kafin a yi maimai na bi masu jakkai zuwa Sabon Birni. Na yi dako a kasuwar auduga, na yi yaron mota, na zauna maƙera har na iya zuga, duk na bari. Kawuna, wan innata da ke zaune a Turba dab da Isa, in ya hango ni sai ya ce, "Sarkin yawo, yau kuma daga wace ƙasa?"

Gidanmu ba a salla, Arna ne mu na ƙauye. Kawu kuwa ya daɗe da musulunta. Shi ke ginan kabari a unguwarsu, da rani kuma yana lambun albasa a bakin gulbi.

Yawon nan ne ya kai ni shagon wani dattijo Bayarabe da ya zo Isa da keken ɗinkinshi tun kafin a haife ni. Baba Tela muke ce mishi, matarshi kuma Iya. Su da 'yan uwansu masu tireda 'yan Baftis ne. Ba su da coci, hukuma ba ta yarda a gina ba, ba a kuma wa'azi a kasuwa. Ran Lahadi sai a ture keke gefe, a shimfiɗa tabarma a zaure, a yi waƙa, a karanta littafi, a yi addu'a. Idon Baba Tela ya yi rauni, ni kuma aji ukun nan ya bar ni da karatun boko, sai ya zama ni ke karantawa da Hausa ana saurare.

Ɗinki na zo koyo, ban iya ba har yau. Sau uku na bar shagon, sau uku na dawo. Abin da ke maido ni shi ne, a zauren nan ba a taɓa kama ni ba. Makaranta kama ni anka yi, aikin hanya ma kama ni anka yi. Nan kuwa ɗan Baba Tela na cikinshi, ga gemu ya fara fito mishi, ba a yi mishi baftisma ba, kuma ba mai matsa mishi. Na tambaya, Baba Tela ya ce, "Wannan abu ba a gadonshi. Ba a yi wa jariri, ba a yi wa mutum don ubanshi. Sai ranar da ya buɗe baki da kanshi."

Na daɗe ina juya maganar. A shekara ta biyu na buɗe nawa bakin, na ce na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ina so a yi mini.

Baba Tela ya ce sai Fasto ya zo. Fasto yana Ƙaura, inda jirgin ƙasa ya tsaya, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara, da bazara, don da damina fadama kan yanke hanya. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya: lokacin da gulbi ke da ruwa babu Fasto, lokacin da Fasto ke zuwa babu ruwa. Su Baba Tela duk a garuruwansu na kudu anka yi musu, ba wanda ya taɓa bukatar abin a Isa sai ni.

Fasto ya iso ran Juma'a da hantsi a bayan mota, siririn mutum daga kudancin Zazzau, mai yawan tari. Motar za ta koma ran Lahadi da la'asar. Ni kuma na riga na yi magana da wasu fatake masu kai kaya Maraɗi, ƙasar Faranshi, za su tashi Lahadin nan da safe, za ni bi su. Lissafina a yi mini da sassafe, in sa riga in kama hanya.

Anka taru a zaure, mu tara har da shi. Ya zaunar da ni gabanshi ya yi ta tambaya, ina amsawa. Can ya ce, "To me kake so ruwan ya yi maka?"

Na faɗi gaskiya. Na ce, "Ya wanke mini yawon ga, in zama kamar mutane."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ruwa ba ya wannan aikin, ɗana. Wanda ka ba da gaskiya gare shi ya riga ya yi abin da za a yi. Ruwa shaida ce kawai a gaban jama'a. Yadda ka shiga da ƙafafunka, haka za ka fito da su."

Ban ji daɗin amsar ba. Sai ya juya ga mutane ya ce ba shi ke karɓar sabon mai bi ba, su ke karɓa, wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Duk sunka ɗaga sai Iya. Ta ce, "Fasto, riga uku yaron nan ya fara ɗinkawa, ba wadda ta samu hannu biyu."

Na sunkuyar da kai. Ta bar ni haka har gumi ya karyo mini, sannan ta ce, "Amma duk inda ya gudu nan yake dawowa," ta ɗaga hannu.

Sai maganar ruwa ta taso. Gulbi rairayi ne tsantsa, tabkin bayan gari ya koma laka iya idon sawu. Na ce abu mai sauƙi, a ɗebo tulu biyu daga rijiya a kwarara mini a ka.

Fasto ya ce, "Ka taɓa ganin an binne mutum da ƙasa tafi ɗaya a goshi?"

Na ce a'a.

"To mu haka muka fahimci abin. Biso ne. Tsohon mutum ya shiga ƙasa duka, sabo ya tashi. Akwai 'yan uwanmu masu yayyafawa, ba na zaginsu, amma ni ba zan yi maka abin da ban gaskata ba. In babu ruwa bana, baɗi ina nan zuwa, in Allah ya yarda."

Baɗi. Kowa a zauren ya ji kamar magana ce mai sauƙi, ni kaɗai na san nauyinta. Na san kaina. In na ƙetare zuwa Maraɗi ba a yi ba, daga can sai Madawa, daga can sai inda ƙafa ta kai ni, kuma in wata shekara ta zagayo ban san wane ne za ya dawo ba, in ma ya dawo. Na ari shebur da ƙwarya na nufi gulbi.

Kowa ya san ana gina rami a cikin rairayin gulbi ruwa ya tsattsafo, na sha ganin mata na yi. Na ɗauka ko'ina mutum ya gina daidai ne. Na fara a tsakiya, na kai gwiwa, rairayi fari ƙal, na ce nan ba kyau, na matsa gaba. Na biyu ya rufta mini. Na uku na ga kamar can ya fi nan. Kafin la'asar ina da rami huɗu, ba wanda ya jiƙa mini tafin ƙafa.

Ashe lambun Kawu na kallona. Ya bar jigonshi ya gangaro, ya tsaya yana duba ramukan ɗaya bayan ɗaya.

"Sarkin yawo, gafiya ta ɓace maka?"

Na ce, "Ruwa nake nema, Kawu."

"Na sha?"

Na soka shebur cikin rairayi. Ya ce, "Na jiya. Garin ga ba ya ɓoye magana. Wankan su Tela za a yi maka." Ya zauna bakin rami na huɗu ya zuba ƙafafu ciki. "Ban yarda da hanyar ga ba, ka sani. Kuma ba ni daina roƙon Allah ya juyo da kai."

Na ce na sani.

Ya ɗan jima yana wasa da rairayi a hannu. Ya ce, "Ranar da za ni shiga Musulunci, malam ya ce sai na yi wanka. Bazara ta kamar wagga. Gidanmu kowa ya juya min baya, ba mai ara min ko guga. Ubanka, da bai taɓa sa goshi ƙasa ba, shi ya ɗauko tulu a kahwaɗa tun daga rijiyar bakin kasuwa ya aje min bayan ɗaki, bai ce komi ba ya tahi." Ya tashi ya kaɗe wando. "Gobe bayan asuba ka same ni nan. Ka zo da zana biyu, ni za ni kawo turaku. Ka bar gina inda rana ta gani."

Asabar da safe ya kai ni can inda gulbi ya karya kwana, ƙarƙashin gaɓa mai tsawo. Ya nuna mini wani wuri da ƙudan zuma ke sauka kan rairayi suna tashi. Ya ce su ba su sauka a banza. Sannan ya tambaye ni yadda ake abin, a tsaye ko a zaune. Na ce kwantar da mutum ake yi ta baya har ruwa ya rufe shi.

"Duka?"

"Duka. Ko gashi ba a bari."

Ya dube ni. "Wanga ai kabari na."

Na ce haka Fasto ma ya ce.

Ya hau gaɓa ya zaro karan dawa mai tsawo daga dannin lambu ya dawo. Ya ce in kwanta. Na kwanta kan rairayi, ya ɗora karan daga tsakar kaina zuwa diddige, yadda ake auna mamaci kafin a tafi gina mishi. Da ya zo karyawa hannunshi ya tsaya. Na ga bakinshi na motsi. Ya ce, "Shekara nawa ina aikin ga, ban taɓa auna mai kallona ba. Rufe idon." Na rufe, na ji ƙas.

Munka gina. Shi ke zana iyaka da karan, ni ke kwasa. Ya hana ni yin zurfi da sauri, ya ce faɗi tukuna, rairayi ba ya son a tsaya mishi a tsaye. In munka sauka kamu biyu sai ya kafa turaku ya jingina zana ta tare gefe. Da rana ta take na fara kallon wani wuri can gaba da ya fi duhu. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "In ka hita ramin ga, da shebur ɗin za ni kwaɗe ka." Na ci gaba.

Kusan azahar rairayi ya yi sanyi, ya yi nauyi, sannan sawuna ya fara cika da ruwa. Kawu ya jira ya ɗan kwanta, ya ɗiba a ƙwarya ya yi alwala, ya hau inuwar gaɓa ya yi sallarshi. Ni ina zaune cikin ramin ina kallon ruwa na hawa kaɗan-kaɗan. Kafin rana ta faɗi ya kusa cinyata. Na ce a kewaye shi da ƙaya. Kawu ya ce ba a yi wa ramin gulbi ƙaya, duk wanda ya gina ya san ba shi kaɗai za ya sha ba. Na bar maganar don na gaji.

Lahadi da sassafe munka gangaro, ni da Fasto da mutanen zaure, Iya na riƙe da farar rigar da za ni sa, ni kuma da ƙunshin tafiyata a kafaɗa. Tun daga nesa na ga jajayen shanu. Wani Bafillace ya riga mu. Sun shanye ruwan, sun tattake gefe guda, zana ta karye, rairayi ya cike rabin ramin. Abin da ya rage laka ce da kashin shanu a baki.

Ban san lokacin da na zare turke na yi kan mutumin ba. Fasto ya riƙe mini hannu, ƙarfinshi ya ba ni mamaki.

Na ce, "Sun ɓata shi. Ruwan baftisma ne fa."

Ya ce, "Ruwan gulbi ne. Jiya ma ruwan gulbi ne, in an gama ma ruwan gulbi ne. Ba mu da wani ruwa mai tsarki da saniya za ta ɓata. Ajiye itacen."

Kawu ya iso da gudu-gudu daga lambu. Ya gaisa da Bafillacen kamar ba abin da ya faru, ya leƙa ramin, ya ce ai shanun sun rage muna aiki, ruwan farko dama kwashe shi ake yi don idon ruwa ya buɗe, na biyu ya fi shi yawa da tsabta. Sai dai yana son lokaci. Na ce wane lokaci. Ya ce bayan azahar, in an gyara yanzu.

Daidai nan fataken sunka ɓullo kan gaɓa da jakkansu. Madugun ya ɗago mini hannu ya ce in zo, ba su jira, suna so su ƙetare kafin rana ta yi zafi. Ƙunshina na kafaɗa. Ba wanda ya ce mini kada in tafi. Baba Tela ya dubi ƙasa, Iya ta ninke rigar ta ƙara ninkewa. Ƙafafuna har rawa suke yi, na san wannan rawar, ita ta fitar da ni daga aji, ita ta fitar da ni daga maƙera.

Sai na ga Fasto ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya sauka cikin lakar da tarinshi ya fara kwasa da hannu. Kawu ya bi shi da shebur. Bafillacen ya kore shanunshi gefe ya dawo da ƙwarya. Mutum uku da ba dukansu sunka haɗa alƙibla ba suna cikin ramin da anka auna da tsawona, ni ina tsaye a sama da kaya a kafaɗa. Kunya ta kama ni. Na ɗaga wa madugu hannu na ce su sauka lafiya, na jefar da ƙunshin na shiga.

Gyaran bai daɗe ba. Jiran ne ya yi mini wuya, ban taɓa zama mai tsawonshi ba. Anka yi sujadar Lahadi nan inuwar gaɓa, anka yi waƙa a hankali, na karanta littafi, idona ɗaya na kan ramin. Kawu ya koma lambu, ya aiko muna da rogo dafaffe. Ina ta auna ruwan da karan nan. Fasto ya ce in bar shi, kallo ba ya ƙara shi.

Bayan azahar ya wuce gwiwa. Yaron mota ya riga ya zo sau ɗaya ya ce direba na ɗaure kaya. Kawu ya dawo ya tsaya nesa kaɗan a kan gaɓa, hannu a baya, ya ce shi ba ya cikin taron, turakunshi yake jira.

Na faɗi shaidata a gaban mutane da bakina. Fasto ya durƙusa cikin ruwan, na zauna, ya tallabe ƙeyata, ya faɗi kalmomin da ake faɗi, ya kwantar da ni. Sanyi ya rufe fuskata, na tashi ina tari, Iya ta fara waƙa.

Sai muryar Kawu daga sama: "Malam, gwiwarshi na waje."

Waƙa ta tsaya. Fasto ya ɗaga kai.

Kawu ya ce, "Ta hagu. Ni na gani. Shi ya ce min ko gashi ba a bari. In za ku yi abinku ku yi shi daidai, ba mu bar gawa da gwiwa a sama."

Fasto ya dubi Baba Tela, Baba Tela ya ce shi idonshi bai kai ba. Iya ta ce gaskiya ita ma ta ga wani abu baƙi. Fasto ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Baba. Ɗana, miƙe ƙafafun nan, yau dai su kwanta." Na miƙe su har diddigena ya taɓa zana. Ya sake nutsar da ni, wannan karon ya ɗan daɗe. Da na fito Kawu ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya gangaro ya fara duba turakunshi, amma bai cire ko ɗaya ba.

Fasto ya hau mota da jiƙaƙƙen wando. Gaskiya ya faɗa mini, ruwan bai taɓa ƙafafuna ba. Da kaka ta yi na bi wasu fataken, na ga Maraɗi, na ga abin da ke bayanta. Amma duk garin da na sauka, ina tambayar inda masu bi ke taruwa, ko mutum uku ne a zaure, in ce musu an yi mini a Isa, a gaban shaidu, sau biyu ma. Wani wurin ni ke karanta musu littafi. Wani wurin ni ne na farko da ya kawo shi.

Ramin ya zauna har ruwan farko. Mata sunka yi ta ɗiba, shanu sunka sha, Kawu ya ja wa albasarshi daga ciki. Da gulbi ya kawo ya shafe shi, yanzu ko ni ba ni iya nuna wurin daidai.

Karan kuwa na ɗauka an jefar. Sai bayan shekaru, na zo gaishe shi a Turba ya tsufa, na gan shi soke a rufin ɗakinshi. Na ce, "Kawu, mi kaka yi da wanga?"

Ya ce, "Kai da ba ka zama, in anka aiko min ka mutu wata ƙasa, ai sai in san tsawon wanda nika wa addu'a. Zauna ka ci tuwo kahin ƙahwar ta motsa."

Na zauna. Kwana tara na yi a gidan, Kawu ya ce a shekarunshi bai taɓa ganin irin haka ba.